Hannun Da Yake Riƙe Almakashi

"Kira sunana... sau ɗaya kawai, Telana!"

Auta ta durƙusa gaban gadon asibitin da telan da za ta aura yake kwance. Bakinsa ya motsa, ya karkace, iska kawai ta fito. Shanyewar ɓarin jiki ta cinye masa hannun dama, ta haɗa da magana, bikinsu kuwa ya matso.

Kawunta ya ja tsaki daga bakin ƙofa.

"Tashi mu tafi. Wanda ko sallama ba ya iyawa zan ba ki? Ga mai kemis yana jira."

Mai kemis ɗin ne ma ya hure masa kunne, wai ba a warkewa.

Likita ta shigo, ta dubi mahaifiyar tela.

"Mama, da wane hannu yake aiki?"

"Da dama mana! Ɗana ba bahago ba ne."

"Bahago ne," in ji Auta.

"Ke! A gabana?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Tun yana yaro kike buge masa hagun, shi ya sa yake ɓoye miki. A shago da hagu yake yanka, da hagu yake zura zare. Ina zaune nake gani."

Kawu ya harare ta. "Zaman me kike a shagon?"

"Awon riga, Kawu."

"Kullum?"

Likita ta danne dariya.

"Yawancin mutane, magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, nan ne ya taɓu. Amma wasu bahagwai ɓangarorin biyu ke raba aikin. In yana cikinsu, ɗayan yana iya ɗauka. Ban yi alkawari ba. Sai an dage da koya masa."

"Ni zan dage!" in ji Auta.

"To," in ji Kawu, "in bai roƙe ni ke da bakinsa ba, babu aure."

Da aka sallami tela daga asibiti, kullum Auta tana shago, tana ɗaga masa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya.

"Allura... Zare... Ce mana, masoyi."

Mai kemis ya gaji da aike, ya haƙura.

Ranar da Kawu ya leƙo, tela na yanka yadi da hagu, mahaifiyarsa ce ke danne masa gefen. Tela ya ajiye almakashin, gumi na keto masa.

"Ka...wu. Ba ni... ita."

Kawu ya gyara zaman hularsa.

"Daga buɗe baki sai roƙo? Na ba ka."

Auta ta share hawaye.

"Saura sunana, Telana."

Ya yi murmushi da rabin baki.

"Ri...gi...mam...miya."