Teburin Tsoho

Da almuru Filomena ke niƙan masara a kan sabon dutsen niƙanta, sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwas! Ta ɗaga kai ta dubi Tsoho, dutsen nan mai aman wuta da ke bayan ƙauyensu. Shiru yake, ko hayaƙin kirki babu. Wani ya sake faɗowa a gabanta. Ta ɗauka, ta yar da sauri. Tsakuwa ce baƙa, zafi zau.

Kwana huɗu ana jifan gidansu kaɗai. A na biyar 'yarsu Otilia, mai shekara goma sha uku, ta daina cin abinci. Sai ta zauna kusa da dutsen niƙan, numfashinta na warin ƙuna. Tsoro ya kama Filomena, irin wanda ke hana kuka.

Mijinta Evaristo ya je ya taho da wani dattijo da ake kira Don Cipriano, wanda ke kai wa Tsoho abincin shekara a bakin kogo, ya roƙo wa gari ruwan sama. Dattijon ya kunna turare, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, me ya sauko da kai?"

Otilia ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito. "A ƙasa zan riƙa ci, kamar kare? Ga teburina nan ana niƙa a kai."

Filomena ta juya ta kalli mijinta. "Evaristo, ba ka ce a kasuwa ka saya ba?"

"Dutse ne fa kawai, Filomena. Na ga kina wahala da wancan fasasshen."

Kai, Evaristo! Ko yaron goye ya san ba a ɗauko ko tsinke daga bakin kogon nan.

Don Cipriano ya yi tayin talotalo biyu, da giya, da sabuwar hula. Muryar ta yi dariya.

"Wanda ya ɗauko shi zai mayar, a bayansa. Kuma na gaji da ci ni kaɗai."

Filomena ta ce, "In bai je ba fa?"

"Yarinyar ma ta ishe ni hira."

Da gari ya waye Evaristo ya ɗaure dutsen a baya da igiya. Filomena ta ƙulla masa wainar masara a tsumma, tana jin haushinsa, tana kuma son ta riƙe rigarsa. Ba ta riƙe ba.

Wajen la'asar ƙasa ta motsa, tukwane suka yi ƙara, toka ta rufe rana. A lokacin ne Otilia ta yi atishawa, ta dubi uwarta da idonta na da.

"Mama, yunwa nake ji. Ina Baba?"

Filomena ta zuba mata wake. Kwano biyu ta fitar, na ukun, na Evaristo, ta mayar da shi cikin kwando.