Katangar da ke Kan Teburin Kaka

A can ƙarshen gidansu Auta akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Har yau, idan ta ji warin ƙonanniyar waya, ɗakin nan take tunawa, sai ta ji kewa ta kama ta.

Ɗakin Kaka ne, mahaifin Umma. A zamaninsa gyaran rediyo yake yi, kuma an san shi da iya aiki. Da wayar hannu ta zo, mutane suka daina kawo gyara. Sai tsofaffin rediyoyi suka rage a kan dogon teburinsa, waɗanda masu su ba su dawo ɗauka ba.

Kaka bai zubar da ko ɗaya ba. Suna ma ya raɗa musu. Babbar ta katako ita ce Rasha. Mai jan murfi Faransa. Wata mai karyayyar eriya kuma Ingila. Akwai wasu ƙanana guda biyu iri ɗaya, ya ce Jamus ce, ta Gabas da ta Yamma. A tsakaninsu yakan tsayar da tsohuwar rula.

Kullum Auta ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta gama cirewa ba sai ta faɗa ɗakin. Kaka ya gyara tabarau, ya ce, "Ga uwar ɗakina ta iso. Yau wa za mu haɗa faɗa?"

Sai ya tura wannan rediyo ta ture waccan, yana ba ta labarin Yaƙin Duniya na Farko da na Biyu. Ba makaranta mai zurfi ya yi ba. A bakin aiki ya ji duk wannan, domin mai gyaran rediyo dole ya saurara kafin ya ce ta gyaru. Idan ya gama labari sai ya yi mata tambaya. In ta ci, ya yi mata tafi. In ta faɗi, ya ce, "Kin kusa," ko da kuwa ba ta kama hanya ba.

A ƙarshe kullum sai a zo kan rular nan. Kaka ya ce katangar Berlin ce, wadda ta raba gari ɗaya gida biyu. Auta ta sa ɗan yatsa ta ture ta, su yi ta dariya. Wasan bai taɓa isarta ba.

Da ta shiga aji shida, Malamar tarihi ta sanar da gasar kacici-kacici a kan tarihin Turai na zamani. Aka zaɓi Auta da ƙawarta Doguwa da wani yaro da ake kira Gajere su wakilci ajinsu. Malama ta ba su katuna, tambaya a gaba, amsa a baya.

Auta tana da kai, wannan ba a musu. Nan da nan ta haddace shekaru kamar ruwa. Juyin juya halin Faransa, 1789. Ƙarshen Yaƙin Farko, 1918. Sai dai kuma kan ya fara kumbura. Ta tambayi Umma a kicin, ta tambayi yayanta yana wanki, har mai kawo musu ruwa bai tsira ba. Ta cire ƙararrawar tsohon keken yayanta, duk wanda ya faɗi ta kaɗa masa.

Wata ranar Asabar Doguwa da Gajere suka zo bita. Auta ta ja su ɗakin Kaka. Tsoho ya ji daɗi ƙwarai, ya share musu benci, ya fara jera rediyoyinsa.

"A'a, Kaka," in ji Auta. "Yau ni ce mai tambaya."

Ta tambaye shi shekarar da Yaƙin Farko ya fara. Ya fara lissafi, kafin ya buɗe baki ta kaɗa ƙararrawa. Ta sake wata, ya faɗi. Ta sake kaɗawa. Gajere ya toshe baki yana dariya.

"To ga mai sauƙi. A wace shekara katangar Berlin ta faɗi?"

Fuskar Kaka ta washe. Ya ce wannan kam da kunnensa ya ji. Yana cikin gyaran wata rediyo ke nan, sai ga ihun mutane da ƙarar guduma...

"Shekara na tambaya, ba labari ba."

Kaka ya sosa kai. "Tamanin da... bakwai ne? Ko casa'in?"

Auta ta kaɗa ƙararrawa har sau uku. Ta juya wajen abokanta ta ce, "Kun gani? Kaka bai san komai ba, sai wasa da matattun rediyo."

Suka bushe da dariya. Kaka ma ya yi ɗan murmushi. Sannan ya ɗauki rular a hankali ya sa a aljihun tebur, ya ce bayansa na ciwo, zai ɗan kwanta.

Washegari Auta ta tarar da ƙofar a rufe. Rana ta gaba ma haka. In sun haɗu a tsakar gida yakan amsa gaisuwarta da kyau, amma bai ƙara ce mata uwar ɗakina ba. Ta leƙa ta taga, ta ga ya lulluɓe rediyoyin da tsohon zanin gado. Abin ya tsaya mata a rai, amma ta ce wa kanta ai gaskiya ta faɗa.

Ranar gasa ta zo. Babban ɗakin taro ya cika da ɗalibai da iyaye. Umma ta zo, kujerar da ke gefenta kuwa babu kowa. Tun da Auta ta shiga makaranta, Kaka bai taɓa fashin taronsu ba sai ranar.

Da farko komai ya tafi daidai. Ajinsu da ɗaya ajin suka yi kunnen doki. Saura tambaya ɗaya, kuma ta Auta ce. Malama ta ɗaga kati.

"A wace shekara katangar Berlin ta faɗi?"

Auta ta kalli kujerar nan. Har yanzu babu kowa a kanta. Shekarun da ta haddace suka cakuɗe mata, duk suka koma iri ɗaya. Ta buɗe baki ta ce, "1789."

Malama ta kaɗa ƙararrawa. Wani yaro daga baya ya ce ashe tun kafin a gina ta ta faɗi, ɗakin ya ɗauki dariya. Amsar ita ce 1989. Ɗaya ajin ya ci.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ƙarar ƙararrawar nan ta yi ta yawo a kunnenta. Sau ɗaya kawai aka kaɗa mata, a gaban mutanen da yawancinsu ba ta sani ba. Ita kuwa sau nawa ta kaɗa wa Kaka, a cikin ɗakinsa?

A hanyar gida ta fashe da kuka. Umma ta ce ta yi haƙuri, gasa ce, wani ya ci wani ya faɗi.

"Ba gasar ba ce, Umma." Sai ta kwashe duk abin da ya faru ranar Asabar ta faɗa mata.

Umma ta dafa kafaɗarta. Can ta ce ita ma a kan teburin nan ta koyi tarihi, tana ƙarama, lokacin rediyoyin suna magana. Ta ce ita ta fara ture rular nan.

"Tsufa ya ɗauke masa shekaru, Auta, amma bai ɗauke masa zuciya ba. Duk sanda kika faɗi, me yake ce miki?"

Auta ta share hawaye. "Kin kusa."

"To, kin san abin da za ki yi."

Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi ɗakin. Ta ƙwanƙwasa, ta shiga, ta durƙusa. Ta ajiye ƙararrawar keken a gabansa.

"Kaka, ka yafe mini. Na kunyata ka a gaban yara. Yau ni ma an yi mini dariya, na ji yadda abin yake."

Kaka ya tambaye ta me ta amsa. Da ta faɗa masa, ya ƙirga da yatsu, ya leƙo ta saman tabarau.

"Shekara ɗari biyu kawai? Ai kin kusa."

Dariya ta kuɓuce wa Auta, ga hawaye a fuska. Ta tashi ta yaye zanin gadon daga kan rediyoyin. Ta ce tana da tambaya ɗaya, wadda babu ita a kati. Tana so ya ƙarasa mata labarin da ta katse.

Kaka ya gyara zama. Ya ce ranar wata ƙaramar rediyo ce ta ƙi magana tun safe. Yana taɓa wata waya, sai ga ihu ya cika shago, har ya ɗauka shi ya ɓata ta. Ashe murna ce. Mutane ne suke fasa katanga, 'yan'uwan da aka raba shekara da shekaru suna rungume juna. Ya ce shi da bai san kowa a can ba, sai da ya yi hawaye a kan kayan aikinsa.

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da rular, ya tsayar da ita tsakanin ƙananan rediyoyin biyu.

"Daga yau ke ki riƙe mana shekaru, ni in riƙe labari. Bismillah, uwar ɗakina."

Auta ta sa ɗan yatsa ta ture ta.

Daga ranar ba ta sake rikita shekarar nan ba, kuma ba ta sake yi wa wanda ya faɗi tambaya dariya ba. Ta gane cewa ilimi ba abin kunyata mutane ba ne, balle wanda ya fara koya maka. Yanzu Auta ta girma, tana koyar da tarihi. A kan teburinta akwai wata tsohuwar rula, kuma babu ƙararrawa a ajinta. Idan yaro ya faɗi, sai ta ce masa, "Ka kusa."