Madubin Ukasha a Bakin Tiga

Ran da Ukasha ya fara ganin Ramla, da zagi ta tarbe shi.

Yana tsugune a bakin ruwan Tiga da sanyin safiya, madubin hangen nesa a idonsa, yana kallon garken tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, da ke cika wurin duk lokacin sanyi. Sai ga budurwa da kwandon wanki ta tsaya masa a ka.

"Kai malam, ba ka da kunya? Mata na wanki kana leƙensu!"

"Wallahi tsuntsaye nake kallo."

"Tsuntsayen gidanku!"

Ya miƙa mata madubin. Ta karɓa tana harararsa, tana ɗorawa a ido sai ga shaho ya kawo sura kamar zai faɗo mata a fuska. Ta ƙwalla ƙara, shi kuwa me zai yi ban da dariya. Daga nan fa aka ƙulla soyayya.

Babanta Malam Shitu, masunci ne mai zafin kai, ya ce sam bai san zancen ba. Ashe Nazifi, da ya daɗe yana nacin Ramla, ya baza a gari cewa Ukasha, malamin makarantar nan na Tudun Wada, leƙen mata ke kawo shi. Har jifa sai da aka yi masa. Abin ya ci Ukasha ƙwarai, ga suna ya ɓaci, ga Ramla za ta kuɓuce masa.

Ta turo masa saƙo: "Sanyin idona, Baba ya rantse in ya sake ganinka sai ya jefa madubin a ruwa. Don Allah kar ka zo."

Ya amsa: "Dinyata, in na ɓuya na amsa laifin ke nan. Gobe ina nan."

Washegari kuwa Malam Shitu ya dira a kansa, ya fizge madubin.

"Kawo in ga abin da kake gani, ɗan banza!"

Ya kafa ido. Ba mace ko ɗaya, dinya ce fal ruwa. Can bayansu ga wani a kwalekwale, yana ta kwashe kifi daga ragar Malam Shitu.

"Nazifi! La'ananne, ashe kai ke cinye ni!"

Bayan salla aka ɗaura aure, Malam Shitu ko fuska bai saki ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba da zuri'a tagari."

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Amin, Baba. To, madubin fa?"

"Wane madubi? Na ba ka 'ya sukutum, kana tambayata madubi? Tashi ka ba ni wuri!"