Lambar Jamus a Jikin Fijo

Harsashi biyu Nicholas ya ɗirka wa maigadin wata masaƙa a Kudenda ta Kaduna, da rana tsaka, ranar biyan albashi. Shi da Garba suka faɗa bayan mota da jakar kuɗin.

"Taka ta, Monday!"

Monday ya taka. Fijo 505 ta zabura, tayoyi na kuka.

Monday ba ɗan bindiga ba ne, makanike ne a Trikania, kuma son mota ya yi masa yawa. Kowace Asabar masu irin ciwonsa sukan taru a garejinsa, ana gardamar wace ta fi wuta tsakanin Marsandi da BMW, wa ya taɓa isa Zariya kafin sigari biyu su ƙare. Nan wani ɗan kasuwa, Ernest, ya kawo motar da ya sayo a Jamus, ɗauke da farar lambar wucin gadi da ake sa wa motar da za a fitar daga ƙasar. Ya ƙi cire ta, don a san daga jirgi take. Ya yi ta cika baki cewa 'yan sanda sara masa suke yi, kuma babu ofishin da ya san mai lambar. Monday ya ji, ya kai wa Nicholas labari. Ranar da Ernest ya bar motar a juye mata mai, lambar ta koma jikin 505.

A hanyar Romi suka tarar da shingen 'yan sanda. Monday ya san hukuncin fashi da makami: a ɗaure mutum a jikin ganga, a harbe.

Nicholas ya ce masa ya tsaya kamar kowa, kuma ya kama bakinsa.

Sajan Istifanus bai riga ya ji labarin masaƙa ba. Lambar ce ta ja shi, don shi ma mayen mota ne. Ya zagaya motar yana shafa fenti, ya roƙi Monday ya ɗan taka ya ji muryar inji. Monday ya taka. Sajan ya girgiza kai, ya ce Bature dai Bature ne, a ƙasar nan ba mai iya saita inji haka.

Da Monday ya yi shiru, da sun wuce.

"Wane Bature, Oga? Ni na sauke injin nan, na haɗa shi da hannuna."

Sajan ya daina murmushi. "Motar da ta sauka daga jirgi shekaranjiya? Buɗe min gaba."

Ya leƙa sau ɗaya. Haɗin kamfanin Fijo na Kaduna ce, ba ta taɓa ganin teku ba.

Ƙofar baya ta buɗe — Nicholas ya dira da jaka, ya harbi Garba a cinya don 'yan sanda su sami abin kamawa, ya nufi daji. Bai kai bakin rafi ba aka kwantar da shi da harsashi.

Maigadi ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ernest ya yi wata bakwai a tsare kafin a yarda ba ruwansa. Garba da Monday kuwa rana ɗaya aka ɗaure su a jikin ganga. A kotu an tambayi Monday me ya sa ya yi magana a shinge. Ya ce aikinsa ne aka ba wani.