Tsamiyar da Ta Amsa Sallama

"Ajiye gatarin nan, Yaya Lurwanu!"

"Matsa ki ba ni wuri, Rumasa'u! Kin zubar mana da mutunci a unguwar Jarwal. Halas, magana ta ƙare, yau sai na kwantar da ita!"

Ko gezau ban yi ba. Na ƙara manna bayana da gindin tsamiyar, ɗuminta yana ratsa ni har ƙirji.

Kakarmu ce ta taho da ƙwallonta ƙulle a bakin zane tun daga kurmin garinsu, ta ratso Sudan a ƙafa, ta shuka shi a kwarin nan na bayan unguwar Rusaifa inda muke yin itace. Abin da ba ta faɗa wa kowa ba sai ni da Inna shi ne, mutanen kurmi, wato mutanen ɓoye, ba sa rabuwa da itacensu. Ɗaya daga cikinsu ta biyo ƙwallon har Makka.

Na fara ganinta ne a shekarun da yaƙin Turawa ya hana jiragen alhazai zuwa. Lokacin na zama cikakkiyar mace, manema sun yi zarya har sun gaji da ni. Ƙaya ce ta soke ni, ina zaune ina tsaki, sai ga mace ta sauko daga reshe, doguwa, baƙa, gashinta yana ƙamshin ruwan fari, ƙamshin da ni haihuwar duwatsu ban sani ba sai a bakin Kaka. Ta cire mini ƙayar, ta yi mini dariya wai na cika raki. A kurminsu ba a raɗa suna, ni na sa mata Sa'adiya.

Ina sonta. Ban taɓa jin kunyar faɗar haka a zuciyata ba, yau ma ba zan fara ba.

Matan da muke itace tare ne suka hango ni kwance a cinyar macen da ba ta da inuwa, tana yi mini kitso. Kafin azahar labari ya riga ni zuwa gida. Abin da ya kawo Yaya da gatari yau ke nan.

"Kin san garin nan, ya ukti, ƙanwata!" in ji Yaya, idonsa jajir. "In magana ta kai ga masu sanda na hukuma, Jidda za a tasa ƙeyarmu a zuba mu a jirgi. Inna da tsufanta!"

"To ni ka kora. Me itace ya yi maka?"

"Aib! Mace da mace? Kuma ba ma mutum ba?"

"Ta fi mutane da yawa mutunci!"

Sai ga Inna ta iso tana haki, mayafinta cike da ƙura. Ta riƙe hannun Yaya.

"Lurwanu, ba a sare tsamiya ba sallama. Haka uwata ta koya mini. Yi mata sallama. In an yi shiru, mai ɗaki ta tashi, ka sara. In an amsa, gatari ya koma gida."

Na dubi Inna, ta kawar da kai. Ta san abin da na sani: mutanen kurmi ba sa iya magana a gaban ƙarfe tsirara. Shiru za a yi, a sare, a mai da ni gida. Ta ɗauka na manta da ragowar maganar Kaka, cewa ɗan Adam yana iya amsawa a madadinsu, amma wanda ya amsa ya zama nasu, idon mutane ba ya ƙara ganinsa.

Yaya ya gyara tsayuwa.

"Salamu alaikum, mai tsamiya!"

Shiru. Na ji yatsun Sa'adiya masu sanyi a kafaɗata. Ba ta iya cewa komai, amma na gane roƙona take in bari, in zauna da uwata.

"Salamu alaikum!"

Na kalli Inna, na kalli hannayen da suka yi mini wanka, suka goya ni a ɗawafi. Hawaye suka zubo mini.

"Ki yafe mini, Inna..."

Sai a lokacin ta gane. "Rumasa'u, a'a! Don Allah, 'yata!"

Yaya bai fahimta ba, ya ɗaga murya da sallamar ƙarshe.

"Wa alaikumus salam!" na ce da ƙarfina duka. "Akwai mutane a ciki. Mu biyu ne!"

Gatarin ya faɗi ƙasa. Yaya ya shiga zagaya gindin yana kiran sunana, ina tsaye dab da shi. Inna ta durƙusa tana lalube a inda sawuna ya ƙare. Sa'adiya ta rungume ni tana kuka.

"Me ya sa, rabin raina?"

"Don ba wanda zai yi miki sallama a gabana a ce gidanki kango ne."

Ba a kore su daga Makka ba, Yaya kuma bai ƙara ɗaukar gatari ba. Inna takan zo duk Juma'a da ƙwaryar fura, ta yi sallama, in amsa, ta zauna tana yi mini faɗa wai muryata ta nuna na rame. Ta daɗe ba ta ambaci Sa'adiya ba.

Juma'ar da ta wuce ta ajiye ƙwaryar ta tafi. Da na buɗe faifan, ludayi biyu na tarar.