Motar Zakiru Ba Ta Son Zafi

"Kowa ya kwanta!" in ji Maitama, yana wulwula bindiga.

Kowan nan mutum ɗaya ne, Hajiya Ruƙayyatu mai shagon gwal a unguwar Batterie IV ta birnin Libreville, ita ma tana tsakiyar sallar azahar. Maitama ɗan fashi ne, amma bai taɓa katse wa mutum salla ba. Shi da abokin sana'arsa Musbahu suka tsaya da ƙyalle a fuska suna jira. Hajiya ta sallame, ta dube su sama da ƙasa, ta miƙe ta tayar da nafila.

A waje Zakiru direba na zaune cikin tsohuwar taksinsa, inji na aiki. Ya san halin kayarsa. Da sanyi ba ta da laifi. Amma da ta ɗau zafi, ka taka totur sai ta yi jim, ta yi tari, ta zabura, ta sake yin jim. Sun sha kai ta garejin Simeon makanike a Awendjé, kullum da sassafe, tana zuwa ta tashi lafiya lau ta ba su kunya. Simeon ya canza fulogi, ya wanke karbireto, daga baya ya ce a bar masa ita ya zagaya sai ta yi zafi, ya gane ko kwayil ne ko famfon mai. Maitama ya ƙi, don bindigarsa ƙarƙashin kujerar gaba take kwana. Kuma shi ne yau ya kafa doka cewa motar gudu ba a kashe ta.

Sai da Hajiya ta gama addu'a tsaf ta zuba musu gwal a jaka, ta bi su da Allah ya isa. Suka cire ƙyalle, suka faɗa baya, Maitama ya tura bindiga mazauninta.

"Taka, ɗan iska, taka!"

Zakiru ya taka. Mota ta yi fiu — jim! Tari. Zabura. Jim! Kafin su kai unguwar Plaine Orety wata mai tallan ayaba ta wuce su da ƙafa.

To, a Libreville in taksi ta rage gudu, fasinja kan leƙo ya faɗi inda za shi. In direba ya danna hon, ya yarda ke nan. Wani ƙaton jandarma da ya daɗe a rana ya leƙo ya faɗi bariki. Zakiru, da haushin mota ya rufe masa ido, ya kai wa sitiyari naushi — fiiim! Jandarma ya buɗe gaba ya zauna, har da godiya.

Musbahu ya fi kowa kai. Ya ce cikin ladabi a sauke shi nan, ya sauka kamar kowane fasinja, da jaka a hammata. Maitama na kallo, ba halin magana. Takaici ya kusa kashe shi.

Mota ta sake zabura — ƙwal! Bindiga ta sulalo ta tsaya tsakanin takalman jandarma. Ya dube ta, ya dubi Zakiru, ya juya ya dubi Maitama. Inji ya mutu murus.

Da ankwa a hannu suka tura motar zuwa bariki, jandarma na riƙe da sitiyari yana yi musu tsawa su ƙara ƙarfi. A hanya sai ga Simeon ya fito sayen kayan gyara. Ya roƙi a tsaya, ya ɗaga bonet, ya taɓa kwayil, ya fizge hannu yana yarfewa, ya dubi Maitama.

"Ka gani, oga? Kwayil ne. In ya yi zafi wuta ke yankewa. Da ka bar mini ita yini ɗaya, da an wuce wurin."

An kama Musbahu washegari a shagon wani maƙerin gwal, wanda ashe ƙanen Hajiya ne. Gwal ya koma gida, su ukun suka tafi gidan kaso, taksi ta zama ta hukuma. Simeon ne ya sa mata sabon kwayil, kuma ita ta kai su kotu da tsakar rana, ba tari ko ɗaya. Zakiru na baya yana sauraron injin, hawaye na zuba.

"Kukan me kake?" in ji Maitama.

"Ji yadda take tafiya," in ji Zakiru.