Kwamfutar Da Ba Ta Tambayar Kowa Lokaci

Ranar da Mai-gyara ya fara shiga shagon buga katin Gagarau, firinta aka kira shi ya duba. Amma idonsa bai wuce kan Auta ba, ƙaramar 'yar mai shagon, wadda ke zaune gaban wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya.

Ya leƙa kusurwar gilashin ya ƙyalƙyale da dariya. "'Yan mata, kwanan watan nan fa ya kusa girme ni."

"Shekarar da aka haife ni ce," in ji ta. "Kullum aka kunna ta, can take komawa."

"To sannu, 'Yar Jiya."

"Yawwa, Sukudireba."

Shi ke nan fa, magana ta ƙullu. Wanda ya daɗe a duniya kallo ɗaya zai yi ya gane.

Ya bayyana mata cewa ɗan batirin ciki ne ya mutu, irinsa kuma ya yi wuyar samu. Ya sa mata wata 'yar manhaja, ya jona wayar intanet a bayan kwamfutar. "Ki danna nan, za ta tambayi babban agogon intanet, ya faɗa mata gaskiya."

Suna cikin haka Gagarau ya shigo. Dattijo ne da bai taɓa zama a aji ba, amma gobara ta ci shagonsa ya tashi, ambaliya ta share shi ya sake tashi, duk yana ɗauke da kwamfutar nan a kafaɗa. Ya fizge wayar ya jefa a durowa.

"Kwamfutata ba ta tambayar kowa lokaci! Ni wa na tambaya na kai yau? Kai yaro, tattara ƙarafunanka."

Yaro ya tattara, amma saƙonsa bai daina shigowa wayar hannun Auta ba.

"'Yar Jiya, zuciyata ma ta tsaya a ranar da na gan ki. Ita kam kada a gyara."

Da Gagarau ya gano, ya karɓe wayar hannunta. "Auta yarinya ce, ina ita ina zancen aure? Kuma da mai tonon cikin tarkace?"

Sai ga Mai-turare, wani ɗan kwalisa mai sayar da sababbin kwamfutoci, wanda Auta ta sha kora. Ya je ya shaida wa Mai-gyara wai shi aka riga aka bai wa Auta. Mai-gyara ya yi ta kira, waya a kashe. Ya yarda. Wata safiya ƙanwar Mai-gyara ta biyo ta shagon fuska a ɗaure.

"Kin kyauta. Yaya ya karɓi aiki a wani gari, yau da rana zai shiga mota. Ki ji daɗin mai turarenki."

Auta ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta ja durowa, a gaban mahaifinta, ta ɗauko wayar intanet ɗin nan ta jona.

"Ke! Me na ce?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Yau kam sai ta tambaya."

Ta buɗe shafin saƙo, ya ƙi buɗuwa, wai kwanan watan ba daidai ba ne. Ta danna inda Mai-gyara ya nuna mata. Tsohuwar kwamfuta ta yi gurnani, ta yi shiru kamar ta tafi. Can sai lambobin kusurwa suka juya, shekara da wata da rana, har da minti. Shafi ya buɗe.

"Sukudirebana, ƙarya aka yi maka. Ban karɓi kowa ba, ba kuma zan karɓa ba. In ka shiga motar nan ban yafe ba. Baba na tsaye a kaina nake rubutawa."

Gagarau bai iya karanta rubutun boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya tsura wa shekarar ido, ya juya ya dubi 'yarsa, ya sake duban gilashin.

"Auta, wannan lissafin gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Na girma. Ita ma ga shi ta yarda."

Ya zauna a hankali. Kafin ya ce uffan amsa ta shigo, ta karanta a fili ba ko kunya.

"Na sauko daga mota, 'Yar Jiya. Jakata ta tafi, ni ina nan zuwa."

Da Mai-gyara ya iso yana haki ya durƙusa, dattijo ya nuna shi da sanda. "Kai, wannan tsohuwar da ta ga wuta ta ga ruwa, za ka ce in zubar?"

"Ni, Baba? Mai-turare ne ke cewa a zubar. Ni har batirinta na samo." Ya zaro shi daga aljihu.

Ranar ɗaurin aure, katin da aka raba tsohuwar ce ta buga, kwanan wata daidai. Gagarau ya tare kowa a bakin ƙofa yana bugun ƙirji.

"Ni na zaɓo shi! Tun ranar farko na gane yaron kirki ne, gwada shi kawai nake yi."

Auta ta dubi angonta ta gefen mayafi, suka danne dariya. Dattijo ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku tsawon rai irin nawa. Wayar nan kuma ku bar ta a jone."